Haƙoran da Na Kai Kudu

Ba a daɗe da ruwan madatsar Tiga ya rufe garinmu ba na samu aiki a sashen haƙori na wani asibiti a birnin Kano. Aikina wanke kayan aiki, da tsayawa kusa da likita ina fassara mata abin da marasa lafiya suke faɗa. Likitar 'yar ƙasar Indiya ce, gajeriya, mai saurin magana. Hausarta ba ta wuce gaisuwa da "buɗe baki" ba.

A lokacin ne aka fara kawo wani sabon ciko fari, wanda ake liƙa wa haƙorin gaba idan ya ɓantare. A ɗiga ruwan asid kaɗan a kan haƙorin, a wanke, a busar, a shafa cikon, sai ya kama. Masu yin sa sun ce ba ya faɗuwa. A wurinmu kuwa faɗuwa yake yi. Mace za ta dawo da shi a ƙulle a gefen mayafi, ta ce rake ta sha. Likita ta lura yawancin masu dawowa maciya goro ne, da matan da ke goga furen taba a haƙori don ya yi ja.

Ta ce mini da Turanci, "Waɗanda suka haɗa wannan abu ba su taɓa ganin haƙorin mai cin goro ba. Ina so in ga abin da asid ɗin yake yi wa irin haƙoran nan."

Akwai wata jami'a can kudu da ke da madubin lantarki, na'urar da ke ƙara girman abu fiye da duk madubin da muka sani. Likita ta samu izinin amfani da shi. Abin da ya rage haƙora ne lafiyayyu, domin waɗanda muke cirewa a asibiti duk ruɓaɓɓu ne. Na ce mata tsofaffin ƙauyenmu ba ruɓewa nasu suke yi ba, dasashi ne ke sakinsu, su yi ta girgiɗi har a cire.

Ta ce, "To, ka kawo mini."

Na ce to. Sai da na fito waje na gane nauyin abin da na ɗauka.

Na samu mahaifina a sabon matsuguninmu na bakin ruwa yana ɗinkin koma, shi da ya yi rayuwarsa duk a gona. Ya saurare ni har na gama, bai ɗaga kai ba. Sannan ya ce in je wurin abokinsa wanzamin garinmu, shi ne ke cire wa mutane haƙori.

Wanzamin nan shi ya yi mini askin suna. Na durƙusa na gaishe shi, muka yi ta gaisuwa, ya tambayi birni da aiki. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya ajiye askar da yake wasawa.

"Ɗana, haƙorin mutum kake nema?"

"Shi, Baba."

"Ni tun da na gaji wannan zabira ban taɓa riƙe haƙorin wani ba. In na cire, hannun mai shi nake sa wa, ya je ya binne abinsa. Ka san abin da za a ce idan aka ji ina tara haƙora a kwalba?"

Na sani sarai. Za a ce asiri ne. Na ce masa ba a ɓoye za mu yi ba. Ni da bakina zan roƙi kowa, a gaban mutane, wanda ya ƙi shi ke nan. Ya ce zai yi tunani. Na koma birni hannu wofi, na dawo a hutun da ya biyo baya, ya ce bai gama tunani ba. Na sake dawowa. A ƙarshe ya ce ya yarda, amma da sharaɗi: duk abin da ya rage na haƙori bayan aikinmu, ko ɓarɓashi ne, in dawo masa da shi a binne.

Mutanen garinmu sun warwatsu bayan tashin, wasu Bebeji, wasu Kiru, wasu har Tudun Wada, don haka kasuwa-kasuwa wanzamin yake bin su a kan keke. Na ari keken ƙanen mahaifina na riƙa bin sa duk ranar da ba ni da aiki, da kwalabe cike da ruwan gishiri a cikin jaka, saboda Likita ta gargaɗe ni kada haƙori ya bushe. Yana shimfiɗa tabarma a gindin bishiya, ni ina gefe. Idan mai ciwon haƙori ya zo, sai in bari a gama, ya kurkure baki, sannan in yi bayani. Wasu su saurara su girgiza kai. Wani dattijo a Yako ya damƙe haƙorinsa ya jefa a aljihu, ya ce da wanzamin, "Ashe kai ma ka lalace?" Ranar ko ruwa Baba wanzami bai sha a kasuwar ba, kuma bai yi mini magana a hanya ba. Na zaci ya fasa. Da kasuwa ta zagayo sai ya aiko a ce mini in fito da keke.

Wadda ta fara ba ni wata tsohuwa ce mai sayar da daddawa, maƙwabciyarmu a tsohon gari, muna ce mata Gwaggo. Haƙoranta jawur da fure. Da aka cire mata na gaba wanda ya daɗe yana damunta, ta dube shi a tafin hannunta, ta dube ni.

"Ina ka ce za a kai shi?"

"Kudu, Gwaggo. A jirgin ƙasa."

"Ni ban taɓa shiga jirgi ba," in ji ta. "Ɗakina yana ƙarƙashin ruwa, kabarin uwata yana ƙarƙashin ruwa, ban mutu ba. Ungo, ya je ya ga duniya."

Matan da ke kusa suka yi dariya. Daga ranar abin ya ɗan saki. Ba kowa ke bayarwa ba, amma an daina kallona kamar maye.

Da haƙora suka taru muka shiga aikin. Likita ta nuna mini sau ɗaya, ta bar ni, domin layin marasa lafiya ba ya ƙarewa. Wani ɗan ɗaki ne a bayan sashen, mai famfo da tebur. Zan kankare abin da ya manne a saiwar, in raba haƙorin gida biyu da wani siririn faifai mai juyawa, ruwa na zuba a kai don kada ya ɗauki zafi. Rabi ɗaya in ɗiga masa asid in wanke in bar shi haka. Ɗaya rabin in sa masa ciko, in dasa shi cikin ƙaro mai daskarewa, in sake yankawa ta tsakiya don a ga inda ciko da haƙori suka haɗu, sannan in goge fuskar da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har ta yi sheƙi. Idan wuta ta ɗauke, in ci gaba da gugar da hannu. Fatar yatsuna ta sha cinyewa tare da haƙorin. Warin haƙori idan ana yanka shi kamar na ƙaho ne a wuta, yana bin mutum har wurin cin abinci.

Na shanya su a kan takarda suka bushe, na jera a akwati da auduga, na shiga jirgi. Ban taɓa wuce Zariya ba sai wannan tafiya.

Mai kula da madubin wani Bayarabe ne mai furfura, wanda ya taɓa zama a Sabon Gari, yana jin Hausa. Ya liƙa kowane yanki a kan ɗan ƙarfe kamar maɓalli, ya sa a wata tukunyar gilashi, ya zuƙe iskar ciki, aka yi musu feshin zinariya siriri ƙwarai. Na ga haƙorin Gwaggo ya fito yana walƙiya kamar ɗan kunnen amarya. Ya sa shi a na'urar, ya kashe fitila, muka zuba wa ɗan allon ido.

Abin da ya fito kamar fadama ce da rani. Tsaga ko'ina. Tsakanin ciko da haƙori akwai rami, amma ba mai iya cewa ko cikon ne bai kama ba ko bushewa ce ta raba su. Ya gwada na biyu, ya gwada na uku, duk haka.

Ya ce, "Malam, da sauri suka bushe. Haƙori yana da ruwa a ciki. In ka fizge ruwan, sai ya tsage."

Na tambaye shi yadda ake yi. Ya ce a tsoma su cikin sifirit mai ruwa da yawa, a bar su su jiƙa, a mayar cikin wanda ya fi ƙarfi, a haka a haka har a kai ga tsantsarsa, sannan a rufe su a kwalba da wasu duwatsu shuɗɗa masu shan danshi. Ya ce kuma na'urar tana da layi, sai bayan damina za mu sake samun wuri.

A jirgin dawowa ban iya cin guzurina ba. Tunanina yana kan Baba da abin da aka faɗa masa a Yako, ga shi duk a banza. Kafin mu iso Kaduna na gama shawara. Da na sauka na gaya wa Likita, ta dafe kai, ta ce ko mu haƙura. Na ce a'a, ta nemo mini sifirit kawai.

Na kankare zinariyar da ƙaron iyakar iyawata, na ƙulle ragowar a farin ƙyalle na kai wa Baba. Muka binne a bayan gari. Sannan na ce masa ina bukatar wasu.

Ya dube ni. Ya ce, "Taurin kan ubanka ka ɗauko. Ranar Laraba za ni Doguwa."

Daminar nan mun sha ruwa a hanya. Akwai ranar da muka ɗauki kekunan a kafaɗa muka tsallake rafi, ni ina riƙe da jakar kwalabe a ka. Na sake yanka, na sake guga, na bi matakan sifirit ɗin ba gaggawa. Idan duwatsun kwalba suka sha danshi suka koma ja-ja, in gasa su a kan risho har su dawo shuɗi.

A tafiya ta biyu, da allon ya haska, mai madubin ya matsa mini kujera. Inda asid ya ci fuskar haƙori ya zama kamar saƙar zuma, ƙananan ramuka a jere, waɗanda ciko ke shiga ya riƙe. A kan haƙoran masu goro da fure kuwa saƙar ba ta cika ba. Wani wuri ta fito, wani wuri kamar an yi yaɓe an rufe ta. Ban san ina murmushi ba sai da ya ce, "Kai, ka ga amaryarka ne?"

Likita ta baza hotunan a tebur ta daɗe tana dubawa. Daga nan ta sauya yadda muke aiki: kafin asid ya taɓa haƙori, sai na goge shi tas da garin dutse har dattin da ya manne ya fita. Ba zan ce ciko ya daina faɗuwa gaba ɗaya ba, amma masu dawowa sun ragu har muka lura.

Wani direban babbar mota daga Doguwa, wanda ƙarfen taya ya ɓantare wa haƙori, yana cikin na farko da muka yi wa haka. Likita ta ce in gaya masa kada ya tauna abu mai tauri sai gobe. Na gaya masa, ya ce to. Yana kaiwa bakin ƙofa ya zaro goro daga aljihu ya gatsa da haƙorin, ƙas! Likita ta yi ihu da yarensu. Ya juyo ya taɓa wurin da yatsa, ya yashe mana baki. Cikon yana nan.

Na wanke kayan aiki, na kira na gaba.