Abin da Ya Faɗa a Bakin Titin Gonin Gora

Wayar da nake riƙewa 'yata ce ta bar mini ita lokacin da mijinta ya sayo mata sabuwa. Da ma na ɗan iya karatu, don na yi makarantar yaƙi da jahilci bayan na yaye autana, a wani aji na firamaren unguwarmu da ake ara mana in yara sun tashi. Ina haɗa baƙi a hankali, ina rubuta sunana, ina karanta katin asibiti. Da aka saka ni a guruf ɗin matan Islamiyyarmu na Unguwar Mu'azu a nan Kaduna, sai na ji ni ma na shiga sahun mutane.

A guruf ɗin ana turo sanarwar suna da biki, da wa'azi, da cigiyar yaro, da maganin sanyi. Ana kuma turo mutuwa. Ba labarin mutuwa nake nufi ba, ita kanta, yadda take zuwa wa mutum. Na farkon da na buɗe hatsarin tankar mai ne. Ban kai ƙarshensa ba na jefar da wayar a kan tabarma. Ranar ban iya cin tuwo ba, kuma ina tunawa na goge fuskar wayar da bakin hijabina kamar wani abu ya fantsamo mata.

Ban san lokacin da abin ya daina damuna ba. Babu ranar da zan nuna in ce yau ce. Kullum dai ana turowa: hatsarin mota, wanda aka kama da sata mutane suka rufar masa, waɗanda ruwa ya ci, waɗanda aka jera a ƙauye bayan 'yan bindiga sun wuce. Maigidana tsohon ma'aikacin masaƙa ne, tun da aka rufe ta yawanci yana gida da rediyonsa. Wata rana ya ce, "Don Allah Maman yara, ki rage mini wannan ihun, ina jin labarai." Na kashe sautin wayar, ban sake kunnawa ba. In babu sauti kallon ya fi sauƙi. Mutane suna gudu, suna faɗuwa, suna buɗe baki, ke kuwa kina tsintar wake. Akwai wani ɗan hoto mai rubutun Innalillahi da ake dannawa sau ɗaya ya tafi. Ina danna shi in ci gaba da aikina.

Ranar da nake son in ba da labarinta, da hantsi ne, ina suyar awarar da nake sayarwa a ƙofar gida. Aka turo bidiyo, aka rubuta a ƙasa wai yanzu-yanzu a Gonin Gora. Tirela ce ta bi ta kan keke mai ƙafa uku. Direban keken yana kwance a gefen kwalta, ya ba mai ɗaukar bidiyon baya, ƙafarsa ɗaya ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Na kalla, na juya awara, na sake kallo don ina mamakin yadda keken ya lanƙwashe. Na miƙa wa matar da muke haya gida ɗaya da ita, ta kalla ta ce, "Wannan keken ko 'yan gwangwan ba za su ɗauka ba." Na yi 'yar dariya. Ba wata dariya mai yawa ba ce, ta hanci ce kawai, amma na yi.

Bayan la'asar muka ji kuka daga gidan da ke kallon namu. Gidan wata baiwar Allah ce da nake kira Yaya, don ta girme ni kuma ita ta karɓe ni lokacin da na tare a layin. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗanta na fari ne direban keken. Ni na riƙe shi ranar sunansa ana yi masa aski. Da ya girma ya fara tuƙi, in ya gan ni a bakin titi da kaya sai ya taka birki ya ce, "Umma, haramun ne ki hau keken wani ina raye." Rigar da ke jikinsa a bidiyon na sha ganinta a kan igiyar shanyarsu. Na kalle ta da safe, ban gane ta ba.

Aka yi jana'iza, aka zauna makoki. Ina zuwa kullum, ina taya su girki da wanke-wanke, ina kauce wa idon Yaya. Bayan an yi addu'ar uku, baƙi sun ragu, ta aiko jikarta ta kira ni ɗaki. Tana zaune a ƙasa, carbi a hannu amma ba ta jansa.

Ta ce, "Ƙanwata, an ce yana cikin waya."

Na ce, "Haka ne, Yaya."

"An ce kowa ya gani. Masu zuwa gaisuwa ma ina jin su a tsakar gida suna nuna wa juna, sun ɗauka ba na ji. Ni tawa wayar ta kira ce kawai, kuma ko da tana nunawa ba zan kalla ba. Ke kin kalla?"

"Na kalla."

"To abu ɗaya nake so ki gaya mini. Ya cika da kalmar shahada?"

Na buɗe baki, ta ɗaga mini hannu.

"Kada ki ce mini ya yi don ki kwantar mini da hankali. Kowa haka yake ce mini. In na ce wa ya ji da kunnensa, sai a yi shiru. Waɗanda suka ɗauko shi sun ce ko da suka isa ya riga ya cika. Ke na san ba kya ƙarya. Me ya ce?"

Zan iya gaya mata launin tirelar. Zan iya gaya mata inda tayar keken ta faɗa. Amma ko ya yi magana ko bai yi ba, ban sani ba, kuma har zuwa wannan lokacin ban taɓa tambayar kaina ba. Na sunkuyar da kai na ce ta ba ni zuwa an jima.

Na koma gida, na tura ƙofar ɗaki, na laluba har na samo bidiyon can sama, an turo wasu da yawa a bayansa. Na ƙure sauti. Lasifikar wayar ta ɗan lalace, dole na kara ta a kunne kamar mai amsa kira, saboda haka ba na ganin komai, ji kawai nake yi.

Da farko ƙarar injin tirela ce da ba a kashe ba, da hon na motocin da aka tare wa hanya. Sai muryoyin maza. Wani yana cewa, "Matsa mana, ka tare mini." Wani yana tambayar ina direban tirelar ya gudu. Can ƙasan duk wannan akwai numfashi, ana jansa da ƙyar, yana yankewa yana dawowa. Sai ya yi wani ɗan nishi, na san muryar nan take. Haka yake yi tun yana ƙarami in zazzaɓi ya kama shi. Na zauna a bakin gado.

Sai ga muryar mace, da irin Hausar mutanen kudancin Kaduna, tana faɗa da ƙarfi. "Ku ba Musulmi ba ne? Ku faɗa masa abin naku mana! Yaro yana tafiya kuna ɗaukan hoto!" Ba wanda ya amsa mata. Sai muryarta ta yi ƙasa, ta matsa kusa da numfashin. "Ɗana, ka ji ni? Ka faɗi abin da kuke faɗa. La ila, yaya ne ma, la ila. Ka san shi ai, ka ƙarasa." Nan bidiyon ya yanke.

Na sauke wayar na duba da ido. Ga ta nan, mace mai jiki, ta durƙusa a ƙasa kusa da kansa, ta kwance zanenta na sama tana rufa masa. Tun farkon bidiyon tana wurin. Duk kallon da na yi da safen ranar hatsarin, idona bai taɓa sauka a kanta ba.

Na yi kuka a ɗakin nan irin wanda ban yi ba ranar jana'izar. Maigidana ya leƙo ya ce lafiya, da ya ga halin da nake ciki ya ja mini ƙofa.

Da na koma wurin Yaya na gaya mata duk abin da na ji, ban ƙara ba ban rage ba. Ta saurara idonta a rufe. Ta ce, "Ya ƙarasa?"

"A nan mai ɗaukar ya tsayar, Yaya."

Ta buɗe ido ta ce, "Gobe ki kai ni wurin matar."

Da safe muka fita. Wani keke ya tsaya mana a bakin titi, Yaya ta juya masa baya har sai da ya wuce. Muka jira bas, muka sauya wata a hanya. A Gonin Gora mata ne jere a bakin titi da doya da ayaba da gyaɗa. Ban san yadda zan yi tambayar ba, sai na ce wa wata mai doya muna neman matar da ta rufa wa direban keke zane ranar hatsarin tirela. Ta nuna mana da baki, can gaba kaɗan, inda hayaƙi ke tashi.

Masara take gasawa. Ta ga mata biyu da hijabi sun tsaya mata, ta ce, "Hajiya, mai laushi ko mai ƙarfi?" Na ce ba masara muka zo saya ba, wannan ita ce mahaifiyar yaron. Ta ajiye mafici, ta zagayo ta rungume Yaya da hannunta duk gawayi, tana cewa, "Sori Mama, sori, sannu." Ta kori wani da ke zaune a bencinta ta zaunar da ita.

Yaya ba ta yi doguwar gaisuwa ba. Ta ce, "'Yata, an ce kin tuna masa kalma. Ya ƙarasa?"

Matar ta dubi ƙasa. "Mama, ni Kirista ce, ban iya abin ba sosai. Farkon kawai na riƙe, don ina ji kullum daga masallacin tasha. Na yi ta roƙon mutanen nan, kowa ya ɗaga waya sama kamar ana rabon abu. Ba zan yi miki ƙarya ba, bai ce la ila ɗin yadda zan ji ba. Bakinsa dai yana motsi, ga ƙarar mota. Da na sa kunnena dab da bakinsa, abin da na ji yana faɗa shi ne rasu, rasu. Na ce masa a'a, ba za ka rasu ba, ga mota nan zuwa, ka yi haƙuri. Ya sake cewa rasu, da wani abu a ƙarshe, kamar la. Sai ya sake mini hannu." Ta share ido da gefen hannunta. "Abin yana damuna har yau. Yaro ya gaya mini gaskiya, ni ina ta yi masa musu."

Yaya ta kama hannunta. Ta ce, "Rasulullah."

"Na'am, Mama?"

"Ba mutuwa yake gaya miki ba. Ƙarshen kalmar ke nan. Ke kika ɗauko masa farkon, shi ya kai ta ƙarshe."

Matar ta dafe ƙirji ta ce, "Yesu! Ashe ƙarasawa yake yi ina katse shi?" Yaya ta yi dariya cikin hawaye, dariyarta ta farko tun ranar, ta ce, "Kin katse shi ko ba ki katse shi ba, ya dai isa."

Ni ina tsaye a gefe. Ko Rasulullah ya ce, ko rasuwar yake faɗa, ban sani ba, Allah ne ya sani, kuma ba ni da bakin da zan sa a maganar. Matar ta juyo ta tambaye ni yadda aka yi muka gano ta. Na ce a waya na gan ta. Ta ce, "Wai har ni ina ciki? Kada ki nuna mini, Hajiya. Ni kullum na zo na hura wuta sai na gan shi a can," ta nuna bakin kwalta, 'yan taku kaɗan daga inda muke. Na kalli wurin. Ba komai sai ɓawon ayaba da wata tsohuwar leda.

Ta naɗe mana masara a takarda, ta ƙi jin a'a. A cikin bas Yaya ta riƙe ƙunshin a cinyarta ba ta buɗe ba, tana ta hamdala a hankali. Da muka sauka a bakin layinmu ta tsaya, ta dafa kafaɗata.

Ta ce, "Allah ya yi miki albarka, ƙanwata. Duk garin nan kallonsa suka yi. Ke kaɗai kika tsaya kika saurare shi."

Na ce amin, ban ɗago ba. Na riƙe mata hannu muka tsallaka kwata, na raka ta har ƙofar ɗakinta.