Baba Ladan da Rabin Awar Hadiza

Ina auna nauyin wani yaro a asibitinmu na ƙauye, kusa da Giyawa, waya ta shigo ranar Alhamis bayan azahar. Babban ɗan Baba Ladan ne ya shaida mini cewa mahaifinsa ya rasu a Wurno. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan bencin marasa lafiya.

Shi ne malamin asibitin da na yi aiki a ƙarƙashinsa, kuma bai iya lallashi ba. Ya kan gaya wa iyaye mata cewa sabon maganin zazzaɓi magani biyu ne a ƙwaya guda: ɗaya ya kashe ƙwayoyin cutar da sauri, ɗayan ya tsaya ya share saura. "Sau shidda cikin kwana ukku," in ji shi, "ko da yaro ya tashi yana ƙwallo."

Na ji wannan ya fi a ƙirga, amma da zazzaɓi ya kama ɗiyata Hadiza da damina, tana shekara uku, sai na sayo mata kulorokwin a kemis. Da shi muka girma. Da ta fara susa har na yi murna, na ce wa uwarta magani ya kama jiki. Kwana huɗu zazzaɓin ya dawo, ya fi na farko. Kunya ta hana ni gaya wa Baba, sai uwarta ce ta aika masa.

Ya zo da hantsi, ya ɗebi jinin yatsarta ya gwada, sannan ya ja ni zaure.

"Mi kab ba ta?"

Na faɗa masa, kaina a ƙasa.

"Ƙaiƙai ba sauƙi na ba, Sani. Cutar ta san wanga magani, ba ta tsoro nai."

Ya murƙushe ƙwayar sabon maganin a cokali ya ba ta, nan take ta amayar. Ya ce zai sake sau ɗaya. In ta ƙara amai, ko ta fara jijjiga, dole a kai ta Goronyo a yi mata allura. Mu duka mun san 'yan bindiga sun tare hanyar nan kwana biyu da suka wuce. Duk da haka ya sa aka juya babur ɗinsa ya fuskanci hanya, ya ce shi zai tuƙa.

Ya sake ba ta, ya bi da madara kaɗan kaɗan, ya ajiye agogonsa a tabarma. Rabin awa muke jira. In ta wuce ba amai, maganin ya zauna. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Da lokacin ya cika ba ta yi amai ba, ya ɗaura agogonsa, ya ce a ba ta na biyu bayan awa takwas.

Uwarta ta tambaye shi abin da ya sa ciwon ya dawo. Ya ce zazzaɓin bana taurin kai gare shi, bai ko dube ni ba. Har ya koma ga Allah bai tona ni ba. Hadiza tana aji uku yanzu, kuma sai jiya, da muka dawo daga gaisuwa, na iya gaya wa uwarta cewa ni na kusa kashe mata ɗiya.

Ya Allah, Ka rufa wa Baba Ladan asiri kamar yadda ya rufa mini. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka ba matarsa Inna Hajjo da 'ya'yansa haƙurin rashinsa. Amin.