Kwanukan Iya da na jera bisa launi

Shekarun baya, lokacin da nake ganin daga Kazaure har Babura babu wadda ta kai ni iya tsara ɗaki, na yi wata ɓarna da ban taɓa ba ku labarinta ba. Waɗanda suka daɗe suna bibiyata za su tuna hoton. Ku ne ma kuka yi ta yabawa.

A lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, shafin nan bai zama abin da ya zama yanzu ba. A waya kawai nake 'yan rubuce-rubucena: inda za ki sa gado a ƙaramin ɗaki har ki samu wurin sallah, kalar labulen da ba ya nuna datti, irin waɗannan. Sai wata ta rubuto min cewa kullum ɗakunan masu hali nake nunawa, in na isa in gyara ɗakin talaka a gani. Ni kuwa ba a ce min in na isa.

Nan take ɗakin kakata ya faɗo min a rai. Iya muke ce mata, tana zaune a gidan kawuna, a wani ƙauye bayan Roni. Bangon ɗakinta guda kwanukan jere ne tun na aurenta, samira da langa da fanteka, kowanne da murfinsa, an ɗora su a kan katako hawa uku. Ba tsari ko kaɗan a idona. Ja a kan kore, babba kusa da ƙarami, wani ya ci wuta, wani fentinsa ya ɓamɓare. Tun ina yarinya jeren nan yake ba ni haushi.

Na ji mahaifiyata ta ce Iya ta tafi suna Babura, kwana biyu za ta yi. Washegari da sassafe na hau mota zuwa Roni, na ƙarasa a acaɓa, da omo da soso a leda.

Matar kawuna ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona ina sauke kwanuka.

Ta ce, "Kin dai faɗa mata ko?"

Na ce, "Anti, ɗakin kakata ne, sai na rubuta takarda?"

"Ni dai shekarata goma sha a gidan nan, shara kawai nake yi in fito."

"Shi ya sa ɗakin yake haka."

Ta juya ta koma wajen dakanta.

Da na fara buɗe murafe sai na riƙa cin karo da ƙunshe-ƙunshe, kowane an naɗe shi a tsumman tsohon zanen Iya, an ƙulle tamau. Ba a kowane kwano ba, amma suna da yawa. Na ce a raina tarkacen tsofaffi ne, jiƙo da turare da su kanwa. Na zube su duka a roba guda, na tura ƙarƙashin gado. Na wanke kwanukan nan tas, na shanya, na jera ja da ja, kore da kore, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Gaskiya ya yi kyau, ba zan yi muku ƙarya ba. Kafin la'asar na ɗora hoton, kafin magariba wayata ta yi zafi saboda saƙonni.

Na kwana a can don in ga fuskarta in ta dawo.

Da hantsi ta iso. Daga zaure take tsokanata yadda ta saba, wai uwar garaje ta zo cinye mata fura. Ta ɗaga labule, ta tsaya. Na jira ta yi dariya ko ta zage ni, duk ɗaya ne a wajena. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ajiye ƙullin kayanta a ƙasa, ta miƙa hannu hawa na biyu, ta ɗaga murfin kwano na uku daga gefen taga. Ta rufe. Ta ɗaga na kusa da shi. Ta rufe.

"Ina abin da ke ciki?"

Na jawo robar da ƙafa. Na ce, "Ga su nan, ko ɗaya ban zubar ba."

Ta zauna a bakin gado tana kallon robar.

Matar kawuna ce ta yi min bayani, a tsaye, murya ƙasa-ƙasa. Ba kayan Iya ba ne. Ajiyar mata ce, na cikin gari da na rugagen da ke kewaye. 'Yan kunne, awarwaron azurfa, murjani, abin da mace take so ya zama nata ita kaɗai, ko miji bai san da shi ba. Mace za ta kawo a ƙulle, Iya ta ƙara naɗewa a tsummanta, ta sa a kwano. Ba ta karatu, idonta ma ya yi rauni. Da wurin zaman kwanon take gane mai abu. Ba ta taɓa buɗe na kowa ba, ba ta taɓa gaya wa wata cewa wance ma tana da ajiya ba. A kan haka aka san ta tun kafin a haifi mahaifiyata.

Na ce, "To ai da sauƙi, ina da hoton yadda jeren yake tun farko."

Iya ta ce, "Hoton naki yana ganin cikin kwano?"

Can na ce mu kwance su mu duba, wataƙila ta tuna.

"In tuna abin da ban taɓa gani ba? In na buɗe yau, wa zai yarda jiya ban buɗe ba?"

"To ki ce ruwa ne ya zubo daga rufi, dole aka kwashe."

Ta ɗago ta kalle ni. "Bayan ɓarna kuma ƙarya za ki koya min?"

Abin da ya fi tayar mata da hankali, gobe akwai mai zuwa. Wata dattijuwa ce daga ruga, za su tashi da shanu su yi kudu, ta aiko tun kafin tafiyar Babura cewa za ta karɓi nata. Iya ba ta ci tuwon ranar ba. Ni na ci, amma ban san me na ci ba. Na ce zan koma Kazaure, ta ce ba inda za ni, da bakina zan faɗa.

Dattijuwar ta zo da safe da ƙwaryar nono a ka. Suka gaisa, suka tambayi yara da shanu, gaisuwa ta ƙi ƙarewa, ni ina tsugune gumi yana bin bayana. Sannan Iya ta nuna ni da haɓa.

Na ce, "Inna, ni na taɓa kayan. Ban sani ba, na haɗa su wuri guda."

Ta dubi bangon, ta dubi robar. Ta ce wa Iya, "Ashe da yawa muke."

Wannan maganar kaɗai ta sa Iya ta sunkuyar da kai.

Iya ta tambaye ta abin da ke cikin nata. Ta ce awarwaro uku ne da 'yan kunne. Iya ta riƙa ɗaukar ƙunshi ɗaya bayan ɗaya tana lalubawa ta saman tsumma, tana ajiyewa gefe. Ana jin ƙarar taɓarya daga tsakar gida. A ƙarshe guda biyu suka rage a cinyarta, nauyi ɗaya, girma ɗaya. Ta juya su, ta sake juyawa.

Ta ce, "Ban sani ba. Ki ɗauki ɗaya ki kwance da hannunki, ni zan kau da kai."

Iya ta juya fuska bango. Ni ban juya ba, kun san ba ni da haƙuri. Dattijuwar ta kwance tsumman Iya, ta kwance na ciki. Na ga fuskarta ta canza. Ta ɗaga ɗan kunne guda ta kai kusa da ido.

A hankali ta ce, "Wannan ni na saya wa matar ɗana. Bara ta ce ya faɗi a rafi. Har kuka ta yi."

Iya tana fuskantar bango, na ga kafaɗunta sun sauka.

Dattijuwar ta daɗe da shi a hannu. Sannan ta mayar, ta ƙulle yadda yake, ta ajiye a gaban Iya. Ta ɗauki ɗaya ƙunshin, ta leƙa, ta soke a zani.

Ta ce, "Ni ban ga komai ba. Yarinya, ke ma ba ki ji komai ba."

Na ce, "Ban ji ba, Inna."

"Allah ya shirye ki." Ta ɗauki ƙwaryarta.

Da yamma matar ɗan nata ta zo a gurguje, ita ma tafiyar da ita za a yi. Iya ta miƙa mata ƙunshin. Matar ta dubi ƙullin na ciki, ta san ba ita ta yi shi ba.

Ta ce, "Iya, an buɗe?"

"An buɗe."

"Wa?"

Na so Iya ta ce ni ce. Da ta faɗi haka da na ɗauka. Amma ta ce, "Surukarki. Ta ce ba ta gani ba."

Matar ta fita ko sallama babu. Na ji daga baya cewa dattijuwar ta riƙe maganarta, ba ta taɓa tayar da zancen ba. Amma matar ɗan ba ta sake taka gidan ba.

Sauran kuma Iya da kanta ta riƙa aika musu ɗaya bayan ɗaya, kowace ta zo ita kaɗai, ta faɗi abin da ke cikin nata, a laluba. Sati uku ana yi. Wasu sun yi dariya suka bar nasu. Mafi yawa suka ce za su ɗan duba a gida su dawo da shi, ba su dawo da shi ba.

Yau aikin nan shi ne sana'ata, har mutane suke kirana in tsara musu gida. Masu aiki da ni suna ƙorafin ina ɓata lokaci, don ko kujera ba na matsarwa sai na tambayi mai ɗaki me ya sa take nan. Ba wai na zama mai haƙuri ba ne, har yanzu ina katse mutane suna magana. Tsoro ne kawai.

Ranar da zan koma gida na ce wa Iya bari in mayar mata da kwanukan yadda suke. Tana zaune tana jan carbi, ba ta ko ɗago ba.

Ta ce, "Bar su haka, uwar garaje. Tunda ba komai a ciki, gara su yi kyau."