Mutumin da Ya Kwashe Gonarsa a Baro

Kafin masu shaguna su ɗaga ƙofofinsu, Baba Mai Baro ya riga ya yi sawu biyu. Tun daga kwanar layi za ka ji kukan tayar baron, shi kuma yana biye a duƙe, shebur kwance bisa lodi. Ba yashi yake ɗauka ba, ba kuma shara ba. Ƙasa ce, baƙar ƙasar gona.

Shekara talatin da ɗoriya yana noman lambu a bayan unguwar nan, tun ba a kiranta unguwa. Latas, albasa, tumatir, alayyahu, rabin abin da matan kasuwarmu ke kasawa a faranti daga hannunsa da na abokansa yake fitowa. Sai gari ya taso mana. Aka yanka gonaki fuloti-fuloti, abokan suka watse, wannan ya koma gadi, wancan ya kama tura ruwa. Shi ma filayen da yake nomawa na aro ne, kullum sai a ce ya matsa gaba, ya matsa ba musu.

Ba ginin ne ke ci masa rai ba, ya san dole mutane su sami wurin kwana. Abin da ya kasa jurewa shi ne yadda magina ke kankare ƙasar sama su cike rami da ita, ƙasar da aka yi shekara da shekaru ana ciyar da ita da taki. Don haka duk inda aka kafa turakun awo, sai ka gan shi da baronsa. Wani birkila ya gaya mini ya taɓa tsokanarsa.

“Baba, wai ƙasa ta ƙare a duniya ne?”

“Ƙasa kam ga ta nan birjik, ɗana. Mai ba da abinci ce zurfinta bai wuce tafin hannu ba. Ka haƙa ƙasa da haka ka shuka mu gani.”

Gida-gida yake bi yana juye ta, kyauta. Mata su cika tsofaffin buhuna da fasassun bokitai su yi shuka. Maƙwabciyata, wadda mijinta ya rasu, da tattasan buhunan nan take riƙe da tukunyarta, har tana sayar wa layi. Amma mu da muke ci, wallahi ko sannu ba kullum muke ce masa ba.

Bana aka zo kan filinsa na ƙarshe, na bayan makaranta. Magadan mai filin suka sayar, alhali saura sati uku albasarsa ta nuna. Ya je ya durƙusa gaban mai sayen.

“Ranka ya daɗe, sati uku kawai nake roƙo.”

“Baba, ka yi haƙuri. Jibi katafila za ta shigo, na riga na yi magana da su.”

Kwana biyu ke nan a hannunsa, ga shi shi kaɗai. Ko ya tumbuke albasar ɗanya ya kai kasuwa ya rage asara, ko ya kwashe ƙasar. Ƙarfinsa ba zai kai duka biyun ba. Babbar ’yarsa ta zo har filin ranta a ɓace.

“Haba Baba! Wahalar wata huɗu fa. Ko ganyen ka cire mana.”

“Albasa ta bana ce kawai, uwata. Miƙo min shebur.”

Ya watsar da albasar gefe, masu wucewa suna tsinta, shi yana ta jigila daga safe har magariba. Rana ta uku katafila ta shigo, shi kuwa bai iya tashi daga tabarma ba. Likita ya ce bayan ya gama aiki, kada ya sake ɗaga ko bokiti.

Kai ne manomin da aka raba da gona sau shida bai taɓa zagin kowa ba. Kai ne ka ciyar da unguwar da ta cinye maka fili. Ka gaji, Baba, mun gani, kuma mun makara wajen faɗa. Mun gode. Allah ya ba ka lafiya, ya saka maka da abin da mu muka kasa.

Ku kuma masu gini, kafin ku zuba siminti ku bari a kwashe ƙasar sama, ba ta rage muku komai. Saura mu. An fara awo a lambun bayan tasha, ’yarsa kuma ta ce baron yana jingine a ƙofar gida, duk mai so ya zo ya ɗauka. Yau sati biyu ke nan ba wanda ya je, har da ni mai wannan rubutu. Baba kuwa kullum sai ya tambaye ta ko an zo.