Yadda Ake Shanya Tsoho

Ni dai karatuna aji huɗu ne. A nan aka sallame ni cikin girmamawa, bayan na kwance agogon hedimasta na kasa mayar da shi. Saboda haka wanda ke jiran bayanin likitoci a wannan takarda ya nemi wata. Abu biyu na sani: keken ɗinki, wanda na yi shekara arba'in ina gyarawa a Nasarawa Gwom, sai kuma baƙon da ke sauka a ƙirjina duk shekara idan marka ta kama.

Wanda bai yi watan Agusta a Jos ba, ba zai gane ba. Ba ruwan kirki ba ne da zai zo ya yi faɗansa ya wuce. Yayyafi ne marar kunya, sai gajimare ya sauko daga kan duwatsu ya cika lungu, ka ji tarin maƙwabcinka amma ba ka ga mai tarin ba. Rana takan yi kwanaki ba ta leƙo ba. Gishiri ya jiƙe a gwangwani, ashana ta ƙi kamawa, takalmi ya fito da gemun fumfuna.

A lokacin nan baƙona ke zuwa. Ba ya sallama. Zan farka da safe kawai in ji kamar an ɗora mini jiƙaƙƙen bargo, ba a jiki ba, a ciki. Tuwo ya koma kwali a bakina. In yi barci har hantsi in tashi da gajiyar mai dako. Mutum ya kawo kekensa gyara, in zauna ina kallon sukurori kamar ban taɓa ganinsu ba. Ba abin da ya same ni, ba wanda ya ɓata mini rai. Wannan ne ma abin tsoron.

Uwargidana, Allah ya jiƙanta, ba ta yi ko aji ɗaya ba, amma ita ta gano maganin. Ta lura cewa ni da wanki ciwonmu ɗaya. Da zarar rana ta ɗan keto, ko da na minti goma ne, sai ta fito da kwandon wanki a guje, ta baza zannuwa a igiya, sannan ta dawo ta ja kujerata ta katako zuwa tsakar gida.

"Malam, fito a shanya ka."

"Ke, ni fa magidanci ne."

"Magidancin ne ya fara warin danshi. Fito."

Haka zan zauna tsakanin zannuwanta da tsumman kicin, idan gaba ya ɗan yi ɗumi ta ce in juya baya. Daga baya 'yarmu da ke aure a Bauci ta kai ni wurin likita. Ya faɗi sunan ciwon da Turanci, sunan da ya fi ciwon nauyi, ya rubuta ƙwayoyi, ya ce in riƙa samun hasken safe, in taka ƙafa, in zauna cikin mutane. Na ce, "Likita, shekara nawa ka yi kana karanta wannan? Ai da ka zo gidana an koya maka a kyauta." Ƙwayoyin dai na sha, kuma sun taimaka, kada a ce na yi butulci.

Uwargidan ta rasu da rani, rana tsaka, lokacin da ba na bukatar shanya. Na ɗauki rashin kamar yadda kowa ke ɗauka. Sai da gajimare ya fara taruwa na tuna cewa bana babu mai jan kujera.

Markar shekarar nan ta zo da ƙarfi. Na rufe shago na ce kwana biyu, kwana biyu suka zama mako biyu. Na daina fita masallaci. Idan 'yata ta kira waya sai in gyara murya in ce ga ni a shago aiki ya yi yawa, alhali ina kwance ina kallon rigata a jikin ƙusa, ita ma tana kallona kamar mutumin da ya zo gaisuwar mutuwa da wuri. Na fara lissafin wanda ya dace ya gaji akwatin kayan aikina. Na san idan ban fita daga ɗakin nan da ƙafata ba, to a kafaɗa za a fitar da ni.

Kujerar tana lungun gado, inda na ajiye ta ranar sadakar bakwai. Wata safiya na buɗe ido na gan ta a gefen gadon. Na ce ƙila ni na ja ta na manta. Na mayar. Washegari ta kai tsakiyar ɗaki, fuskarta na kallon ƙofa.

To ni mutum ne mai bincike, aji huɗu ba wasa ba ne. Na ɗauko allin tela na zagaye ƙafafunta huɗu a kan siminti, na saka sakata, na duba taga. Da gari ya waye, zanen alli na nan, kujera ta bar shi da taki uku. Ba sawun ja a ƙasa. Na taɓa hannunta, na ji shi da ɗumi, a ɗakin da ko numfashina hayaƙi yake yi.

Na yi addu'o'in da na sani, har da waɗanda na sani rabi. Sannan na ce mata, "In fita za ki yi, ki fita ke kaɗai." Na juya na fuskanci bango.

Rana ta huɗu ta jingina da ƙyaure. A safiyar nan na ji igiyar shanya tana ƙara a waje, irin ƙarar da take yi idan an ɗora mata nauyin jiƙaƙƙen zane. Tun rasuwar ba wanda ya rataya ko hankici a kanta. Na kawar da kujerar, na buɗe ƙofa. Gajimare ya cika tsakar gida fari fat. A cikinsa ga zannuwa uku a jere suna ɗiga, kuma na san su. Mai ruwan goro da zanen tsuntsaye ni na saya wa marigayiya. Bayan zanen, wasu ƙafafu biyu na tsaye.

Na ja da baya taki ɗaya.

Sai zanen ya ɗaga, kan maƙwabciyarmu ya fito, wata dattijuwa Kirista mai sayar da kabeji a Farin Gada, wadda suka yi shekaru suna miƙa wa juna gishiri ta kan katanga.

"Baba, ashe kana da rai? Kwana uku ina buga ƙofar gida."

"Madam, kayan wa ke nan?"

"Nawa mana. Ba 'yarka ce ta ba ni ba da aka raba kaya? Mama ta ce mini tun tana asibiti, in marka ta zo in riƙa shanya a igiyarta, in haɗa da kai. Yau na gaji, na taka turmi na tsallako katanga. A shekaruna! Ina kujerar?"

Na tambaye ta ko ta taɓa shiga ɗakina. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ɗakin da ke wari har gidana? Allah ya kiyaye. Kawo kujera, Baba, rana ta kusa fitowa."

Ni na ɗauko ta da hannuna. Ba ta yi nauyin da na sani ba. Na zauna tsakanin zannuwan, ruwansu na ɗiga kusa da ƙafata, har wani farin tabo ya bayyana a sama kamar ƙwandala a ƙasan kwanon koko. Ba wani zafi. Amma na ji shi a goshi. Can Madam ta ce in juya baya, na juya ban yi gardama ba. Bayan kwana biyu na buɗe shago, na kira 'yata na faɗa mata gaskiya, ta yi mini faɗan da na cancanta.

Baƙon bai daina zuwa ba, bara ma ya zo. Sai dai yanzu tun daga yayyafin farko nake fitar da kujerar da sassafe, in zauna ko da rana ko babu, kafin in taka zuwa masallaci da shago. Zanen allin yana nan a siminti, ban goge ba. Ban san wanda ya tura kujerar nan ba, kuma ban tambaya ba. Na dai ga bai kamata a sake wahalar da shi ba.