Hannun Hagun Kawu

Dariyar ce ta fara shiga kunnena kafin maganar. Ina zaune a shagon aski a Ƙofar Durbi wani ya kunna bidiyo a wayarsa, sai ga muryar babban ɗan siyasar nan da ya tashi a unguwarmu, yana ba magoya bayansa labari a wurin taro. Ya ce su ba yau suka fara cin zaɓe ba. Wai akwai wani mai ɗinkin hula da ya taɓa rungume akwatin ƙuri'a ya hana a ɗauka, "sai na ce ma yara su ƙyale damar, su nemi hagun, don na san bahago ne." Jama'a suka kwashe da dariya har da tafi. Ni kuwa na miƙe na fito ba a gama mini askin ba.

Mai ɗinkin hular nan kawuna ne, ƙanin mahaifiyata.

A gidan kakata na tashi, can cikin lungunan Gobarau. Kawu bahago aka haife shi, Kaka kuwa ta sha buge masa hannun da ludayi har ya koyi ci da gaisawa da dama. Allura ce kawai ta ƙi. Don kunya ba ya ɗinki a zaure. Gindin bedin tsakar gida, wato dogon yaro, yake zama, musamman da bazara, lokacin da ƙamshin furen ke cika gidan, zare kala-kala a kan gwiwarsa. Da ya ji sallama sai ya mayar da allurar dama, mu yara mu yi ta ƙunshe dariya. Ka ga ke nan ba wanda ya san sirrin sai wanda ya zama ɗan gida. Cikin irin waɗannan akwai wani abokin Kawu mai zaƙin baki, wanda suke cin tuwo kwano ɗaya, ko da yake jam'iyyarsu ba ɗaya ba.

Ranar wani zaɓen kansiloli Kawu ya tafi rumfar zaɓe a firamare a matsayin wakilin ɗan takararsa. Bayan la'asar aka dawo da shi a amalanke. Ƙauraye ne, 'yan sara-sukan garinmu, suka farfasa masa hannun hagu, kuma bai san fuskar ko ɗaya ba. Maɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma yatsun suka ƙage. Hular da ya bari rabi ta daɗe rataye a ƙusa.

Wanda ya fara zuwa dubiya shi ne abokin nan, da ledar lemo a hannu. Ina gani Kaka ta share hawaye ta ce, "Ɗan nan, Allah shi ɗaukaka ka, shi kai ka inda ba ka zato."

Ya kuwa kai. Shi ne mutumin cikin bidiyon.

Yanzu ga shi kullum a rediyo ana ta musu. Kakakinsa ya ce kirari ne irin na dandalin siyasa, ba iƙirari ba. Wani lauya ya ce sai an duba yanayin da aka yi maganar. Tir! Tun ina yaro nake jin kirarin mahauta da 'yan tauri, zaki suke kira da giwa. Ban taɓa jin kirarin da ya san hannun da maƙwabci ke riƙe allura da shi ba. A da wanda ya yi ta'asa sunkuyar da kai yake yi ya kawo lemo. Yau lasifika ake miƙa masa.

Na sa bidiyon a wayata na je wurin Kawu, don an ce mini ba a buɗe shari'a sai da mai ƙara. Ya tsufa, yana zaune gindin bedin nan, hannun cikin aljihu kamar kullum. Ya saurara har ƙarshe, har tafin. Na ce, "Kawu, mu tafi kotu."

Ya ce, "Mi zan hwaɗa ma alƙali wanda shi bai hwaɗi gaban jama'a ba?"

Na buɗe baki zan yi gardama, ya miƙo mini wayar da dama.

"Kashe abin nan. Ni dai na gode Allah da kakarka ba ta ji ba. Har ta koma ga Mahaliccinta, ba ta taɓa sallame sallah ba ta sa mutumin nan cikin addu'a ba."