Tazargaden Jabu

'Yata ta fari tana da shekara biyu daminar da zazzaɓi ya kama ta. A ƙauyenmu Balan muke, ko canja kuɗi zuwa naira ba a yi ba tukuna. Gero ya fara fid da kai, kududdufin bayan gidanmu ya cika, sauro har da rana cizo yake. Da safe yarinya ta yi wasanta, da azahar jiki ya ɗau zafi ta riƙa rawar ɗari.

A gidanmu maganin irin wannan tazargade ne, busasshen ganye mai ɗaci da ƙamshi mai hawa kai. Mahaifiyata, Inna, takan jiƙa shi a ba yaro ya sha, ta dafa a yi sirace in mura ta kama ƙirji, ta murza da man shanu a shafe jiki. Da shi ta raine mu duka. Sai da na tsufa na ji likitoci na cewa daga dangin ganyen nan aka tatso sinadarin da ake yin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Inna ba ta san sinadari ba, amma hancinta ya san ganyen.

A makon nan ta tafi Gafasa ta'aziyyar yayarta, ɗan tazargaden da ya rage a gorarta kuma ya ƙare. Na hau keke na nufi kasuwar Gaya.

Mai sayar da shi dattijo ne mai farin gemu, carbi a hannu, buhuna a gabansa. Ya ɗibo daga bakin buhu ya kai mini hanci.

"Shaƙa ka ji, samari. Daga Agadas aka kawo shi."

Na shaƙa har na yi atishawa. Na gaske ne. Yana yi mini addu'ar Allah ya ba yarinya lafiya, hannunsa kuwa ya nutsa can ƙasan buhu ya ƙulla mini a takarda. Na gani, ban kawo komai a raina ba.

Kwana uku ni da matata muna jiƙa abin nan muna ɗura wa yarinya. Tana kuka, ina riƙe hannuwanta, ina cewa ɗacin ne maganin. Zazzaɓi sai gaba yake. Rana ta huɗu da hantsi Inna ta dawo. Ko mayafi ba ta cire ba ta taɓa goshin jikarta, ta ce a nuna mata abin da muke ba ta. Ta murza a tafin hannu, ta sunsuna, ta ɗanɗana, ta tofar.

"Wa ya sayar maka da wannan? Harawar wake ce da darbejiya, an barbaɗa ɗan tazargade a kai. Ɗauke ta ku tafi asibiti yanzu. Inda ta kai, ko na gasken ya yi mata kaɗan."

Matata ta goya ta, na goya su a keke. A hanya yarinyar ta sanƙare, idanu suka juye. Malamin asibiti ya yi mata allura, sannan ya juyo kaina.

"Kwana uku kuna ina? Ku mutanen ƙauye sai yaro ya kusa mutuwa ku kawo shi."

Yarinyar ta rayu, amma tun daga ciwon nan kunnenta na hagu bai ƙara ji ba.

Da kasuwa ta zagayo na koma da ragowar ƙullin. Na tarar da dattijon a rumfarsa yana kai wa wata tsohuwa ganye hanci, kamar yadda ya yi mini. Na ajiye takardar a gabansa.

"Baba, mene ne wannan?"

Ko dubawa bai yi ba. "Samari, waraka ta Allah ce. Mu sababi ne kawai."

Da ya musa, ko ya zage ni, da na iya jurewa. Amma ya cuci 'yar shekara biyu, sannan ya fake da sunan Allah. Na kama gindin buhun na zazzage shi a ƙasa. Kowa ya gani: na sama ɗan kaɗan mai toka-toka, sauran duk harawa, har da ɓawon wake.

Na ɗauka kasuwa za ta taso masa. Ni ta taso wa. Dattawan rumfar suka rirriƙe ni. Wannan ya ce sa'an ubana ne, wancan ya ce na zubar wa bawan Allah da abincinsa. Babu wanda ya sunkuya ya ɗauki ganyen ya duba. Baffana, ƙanen mahaifina, yana kasuwar ran nan. Aka kira shi. Ya saurari zancen, ya ce, "Durƙusa ka ba shi haƙuri. Ba a san gidanmu da rashin kunya ba."

Na durƙusa. Da hannuna na tattara harawar nan na mayar masa cikin buhu, yana cewa ya yafe mini duniya da lahira.

Da na ba Inna labari, shekara guda ta yi ba ta amsa gaisuwar Baffa. Tun daga nan ba ta ƙara aiken kowa ba. Da sandarta take zuwa wurin wani Buzu, ta sa hannu har ƙasan buhu ta zaɓa.

Dattijon mai harawar kuwa ya ci gaba da kasuwancinsa a rumfar nan har ƙarfinsa ya ƙare. Ranar da ya rasu ina Gaya, na ga ana tururuwa zuwa jana'iza. Wani ya ce in zo mu samu lada. Na ce ina da shuka da ke jirana, na hau kekena na koma gona.